Aka Ce Ƙwaƙwalwar Malam Ta Taɓu

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da magani. Sunana Hajara, a Kakuri an fi sanina da Maman Sadiya. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, ba gwaninta ta sa na ɗauki biro ba. Mijina Malam Isiyaku mai gyaran rediyo ya yi jinyar wata bakwai ya rasu. A cikin bakwai ɗin nan, wata biyar cur mun ɗauke shi mahaukaci, alhali yana jin duk abin da muke faɗi, yana gane shi tsaf. Ni da nake wanke shi, ina cikin waɗanda suka yi masa haka. Shi ya sa nake rubutun nan, don kada wata ta yi wa nata.

Malam mutum ne mai magana. Shagonsa na bakin kasuwa majalisa ce, ma'aikatan masaƙa in sun tashi aiki nan suke tarewa, shi yana ƙona dalma yana musu da su a kan siyasa. Shekarar da soja suka yarda za su miƙa mulki ga farar hula, kai ka ce shi za a rantsar. Sai ya dawo gida ya ce, "Hajara, wahala ta kusa ƙarewa, asibiti ma sai kin ga yadda zai koma." Na ce masa to, Allah ya nuna mana, ya dai ci tuwonsa kafin ya huce.

An taɓa gaya masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata guda, ya ji garau, ya ce ya warke. Kwana goma kafin ya faɗi, yana gyara a tsakar gida sukudireba ta suɓuce daga hannunsa na dama, harshensa ya yi nauyi kamar mai cin ɗanwake da zafi. Kafin in ɗebo ruwa ya dawo daidai, har yana yi mini dariya. Na ce gajiya ce. Ku da kuke karantawa, in kun ga irin wannan, ba gajiya ba ce, ku nufi asibiti a ranar.

Ana saura kwana uku a rantsar da sabon shugaban ƙasa, da safe bayan ya karya kumallo, ya sunkuya zai sa takalmi sai ya kife gaba ɗaya. Bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na dama suka saki. Maƙwabcinmu Oga Emeka bakanike shi ya cicciɓe shi ya sa a motarsa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ban manta masa ba.

A asibiti, layin kati kawai ya ci mana awa biyu, Malam na kwance a kan benci ina kare masa ƙuda da gyalena. Sai bayan azahar aka samu gado. Likitan da ya duba shi ɗan Kudu ne, ba ya jin Hausa, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya daɗe yana bayani, ya nuna gefen kansa na hagu, ya nuna bakinsa, har zane ya yi a takarda. Ni da yayan Malam, Alhaji Bala na Tudun Wada, muna tsaye muna kallon bakinsa kawai. Nas ba ta kusa, sai aka yafuto wani mai tura keken marasa lafiya ya yi mana tafinta. Duk doguwar maganar nan ta likita, mutumin ya naɗe ta ya miƙo mana a dunƙule.

"Ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu. Sai haƙuri."

Alhaji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Jama'a, wane Bahaushe ne za a ce masa ƙwaƙwalwar wane ta taɓu ya ji wani abu ban da hauka? Likita yana nufin ciwon a cikin kai yake. Mai keke bai yi ƙarya ba, iyakar Turancinsa ke nan. Amma mu abin da muka ji shi ne Malam ya zautu, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye mu me muka fahimta.

Ranar rantsuwa muna ɗakin marasa lafiya, wani ya kunna rediyo, ana ta jawabi ana tafi. Malam ya juya kansa wajen sautin, ya ɗaga hannun hagu yana nuni, yana wani gurnani. Na ce a kashe, ƙarar tana tayar masa da ciwo. Aka kashe. Yanzu na san ƙarawa yake so a yi.

Mun yi mako biyu. An ce akwai hoton da ke nuna cikin kai, amma sai an je wani gari, kuma ya fi ƙarfinmu. Magani kullum sai a waje, 'yan kunnena da tunkiyata duk can suka tafi. Ranar sallama aka ba ni kati da rubutun likita irin na tafiyar tsutsa, na cusa shi a jaka. Ba wanda ya karanta mini.

A mako na uku limamin unguwa ya zo dubiya. Ya zauna ya ce, "Malam Isiyaku, ya jiki?" Malam ya dube shi, ya yi ta kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ga kalma ta fito fes.

"Shege."

Liman ya ce, "Subhanallahi!" Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da shekara ashirin da shida ban taɓa jin ashar a bakinsa ba! Ya sake buɗe baki, ita ce dai ta sake fitowa. Sai ya fashe da kuka yana dukan tabarma da hannun hagu. Daga ranar ba shi da wata kalma sai ita. Ruwa yake so, shege. Sadiya 'yarmu ta zo daga gidan mijinta a Unguwar Sanusi ta durƙusa ta gaishe shi, shege. Duk wanda yake da sauran shakka a ranar liman ta fita daga ransa.

Sai masu shawara suka buɗe mana wuta. Wannan ta ce sammu ne, wani mai gyara ne ke baƙin cikin cinikinsa. Waccan ta ce ya taka 'ya'yan aljanu a bayan shago. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi mai warin da har kajina suka ƙaurace wa ƙofar ɗakin. Alhaji ya zo da wani mai ruƙiyya, ya yini yana yi wa Malam tsawa a kunne, "Wane ne kai? Faɗi sunanka ka fita!" Malam ya ce masa shege. Mutumin ya juyo yana murmushi, ya ce kun ji ko, baƙin aljani ne, mai taurin kai. Wallahi da ba a kaina abin yake ba, da na yi dariya.

A wata na biyu ya fara jan jiki. Kowace azahar sai ya rarrafa wajen buta, ya kama ta da hagu, ta kife, ya jiƙe sharkaf, ya hau ihu. Na gaji da sauya masa kaya. Na gaya wa Alhaji, ya ce, "Ki ɗauke butar, Hajara. An ɗauke alƙalami a kansa, babu salla a kan wanda ba ya cikin hayyacinsa." Na ɗauke. Da ya fara rarrafowa har zaure, Alhaji ya ce kada ya fita ya tona mana asiri, ya sayo kwaɗo. Ni na riƙa kulle ƙofar da hannuna in zan je kasuwa.

Kada wani ya ce ban yi jinya ba. Na yi. Ni ke juya shi, ni ke kwashe kashi da fitsari, ni ke dama kunu in ba shi cokali-cokali, bayansa bai taɓa yin gyambo ba. Abin da na daina shi ne yi masa magana. Ina wanke shi kamar yadda nake wanke kwano, bakina a rufe. Masu dubiya ma suka daina gaishe shi, ni suke gaisarwa, su zauna a gefen katifarsa su yi ta lissafa mahaukatan da suka sani da yadda kowanne ya ƙare.

A wata na huɗu Alhaji ya zo da maganar wani mai magani a ƙauye, wanda ke ɗaure masu irin wannan lalura da mari har su natsu. A ɗakin muka yi maganar, Malam na kwance tsakaninmu. Na ƙi yarda, na gode wa Allah da wannan. Amma ga abin da na faɗa, kuma zan rubuta shi yadda ya fito daga bakina: "Yaya Alhaji, ku bar shi ya ƙarasa a ɗakinsa. Wannan ai ba Malam ba ne. Malam ya riga ya tafi tun a asibiti, gangar jiki kawai nake wankewa, kuma na gaji." Malam ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai karɓi kunu ba, na ce ciwon ne ya motsa.

Damina ta wuce, an shiga wata na shida, sai wata mata ta yi sallama da la'asar. Ta ce sunanta Madam Laraba, daga Narayi take, ta kai rediyonta mai kaset gyara tun kafin damina, kullum ta zo shago a kulle, sai yau aka kwatanta mata gida. Rediyoyin mutane kuwa duk mun kwaso su, sun fi ashirin, suna jibge a ɗakin Malam. Na ce ta shigo ta duba nata, amma ta yi haƙuri da abin da za ta ji, mai gidan ba shi da lafiyar kai.

Ta shiga, ta rusuna ta ce, "Oga, sannu da jiki. Ka gane ni?" Ya ce shege. Ko gezau ba ta yi ba. Ta hau dube-dube, ta rasa nata don duk ƙura ta rufe su. Sai Malam ya buga tabarma, ya miƙa hannun hagu ya nuna can ƙasa, bayan wani babban rediyo. Ta jawo, nata ne.

Ta ajiye shi a hankali, ta dube ni. "Mama, wa ya ce muku mahaukaci ne?"

Na ce, "Likita."

"Ina katinsa?"

Na zazzage jaka na miƙa mata. Ashe a sashen gashin ƙashi take aiki, inda ake motsa wa masu shanyewar jiki gaɓoɓi. Ta karanta, ta ce, "Kai, kai, kai." Ta ce abin da aka rubuta shi ne shanyewar ɓarin jiki da wata kalma, afeziya, wato ɗaukewar magana. A ƙasa kuma an rubuta a kawo shi gashi bayan mako biyu da sallama. Wata biyar takardar nan tana jakata tare da goro da canjin cefane.

Ta zauna a kan tabarma, ba ni ta fuskanta ba, shi ta fuskanta. Ta kama hannunsa na hagu ta ce in e ne ya matsa sau ɗaya, in a'a ne sau biyu. Sunanka Musa? Sau biyu. Isiyaku? Sau ɗaya. Nan Zariya ne? Sau biyu. Soja ne ke mulki yanzu? Ya matsa sau biyu da ƙarfi, har ta yi dariya ta ce, "Oga, kada ka karya ni." Ina tsaye a bakin ƙofa da kwaɗo a hannuna.

Sannan ta yi mana bayanin da ban taɓa ji ba, da Hausarta ta mutanen kudancin Kaduna, ba kalmar da ta fi ƙarfina. Ta ce ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce, kowane aiki da wurinsa. Wurin gani daban, wurin motsa hannu daban, wurin gane magana daban, wurin fitar da ita daban. Ɓangaren hagu shi ke riƙe da jikin dama, kuma a yawancin mutane nan magana take. Jini ne ya toshe a hanyar da ke ciyar da wurin fitar da magana, wurin ya lalace, amma hankali yana nan, tunani yana nan. Zagi da abin da baki ya saba furtawa cikin fushi ba a wuri ɗaya suke da sauran magana ba, shi ya sa wannan kalma ta tsira ita kaɗai, kuma ba ita yake nufin faɗi ba.

Ta jawo rediyonta, bayansa a buɗe yake. Ta ce, "Oga, kai ne malami a nan. Kamar rediyo ne da ke kama tasha garau, amma sifika ta ƙone, ko?" Ya matsa sau biyu. Ya saki hannunta, ya sa yatsa ya wuce sifikar, ya taɓa siririyar wayar da ke kai mata sauti. Madam Laraba ta tafa hannu. "Ka fi ni gaskiya! Bakinka lafiya lau, waya ce ta tsinke." Malam ya yi dariya da rabin bakinsa, hawaye na zuba. Rabon da wani ya tambaye shi ra'ayinsa tun ranar da ya faɗi.

Na ce, "Madam, wayar tana ɗauruwa?"

Ta ce a da ana koya musu cewa abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ya mutu ke nan. Amma masu bincike yanzu sun gano cewa wuraren da ke maƙwabtaka da inda ya lalace suna iya koyon aikin, kamar yadda Oga ke tsallake inda ya ƙone da wata waya. Sai dai abin yana son a yi ta gwadawa kullum, a yi ta yi wa mutum magana ana sa shi yana ƙoƙari, kuma watannin farko su ne suka fi albarka. Na ce watanni nawa. Ta ce, "Mama, mu dai fara yau."

Ban yi kuka a gabanta ba. Bayan ta tafi na cika buta na kai masa, na riƙe masa ita ya yi alwala da hannu ɗaya, na juya shi gabas.

Ina godiya ga matar nan har in koma ga Allah. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta haɗa komai da mu ba sai rediyo, amma kowace Asabar sai ta hau bas daga Narayi ta zo, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Sai dai godiyar ba ta kashe mini haushi ba. Bayanin nan bai ɗauke ta minti goma ba. Minti goma! Ilimin yana nan, an san shi, yana cikin littattafansu da Turanci, yana ma cikin jakata. Rediyo ashirin a ɗakina, tashoshi na yini suna gaya mana wa aka naɗa kwamishina, wa ya sauya jam'iyya, ba a samu mutum ɗaya da zai zauna ya gaya wa talaka da harshensa yadda kansa yake aiki ba. Ko kalmar da za mu raba ciwon ƙwaƙwalwa da hauka ba a ba mu ba, aka bar mu da mai tura keke.

Da na gaya wa Alhaji, cewa ya yi, "To, ai mu abin da aka gaya mana muka bi." Ya shiga ya gaishe da ƙaninsa, ya kasa haɗa ido da shi, bai yi minti biyar ba ya ce yana da ɗaurin aure.

Mako bakwai muka samu. Na cire kwaɗon na jefa a masai. Na riƙa kunna masa labarai, in ya ji abin da bai gamshe shi ba ya yi tsaki, tsakin kam bai ɓace ba. Madam ta koya mini in riƙa jan kalma kamar waƙa yana bina. A mako na uku ya ce "ruwa". A na biyar ya ce "Sadiya", yarinyar ta fita tsakar gida ta yi ta kuka. Ya fara tsayawa da sanda. Sunana bai zo ba, yakan kama "Ha" sai sauran ya maƙale, ya girgiza kai.

Da matsa hannun nan na tambaye shi abubuwa da yawa. Gishiri ya ji? Ƙafar na ciwo? A kira wanzami? Wata ranar Laraba cikin azumi, da hantsi, ina shafa masa mai a hannu, na yi ƙarfin hali.

"Malam, ranar rantsuwa a asibiti, so kake a ƙara sautin rediyon?"

Sau ɗaya.

"Butar nan, salla kake so ka yi?"

Sau ɗaya.

Na ci gaba. "Ranar da Yaya Alhaji ya zo da maganar ƙauye, ka ji abin da na ce?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matsa, sau ɗaya.

Tambaya ɗaya ta rage, kowa ya san ta. Hannunsa na cikin nawa, ba abin da zai hana shi amsawa. Sai na ji tsoron kada ya matsa sau biyu. Na ce bari in duba tukunya, na tashi, alhali ban ɗora komai ba. Na ce gobe zan tambaya. Gobe ta zo na ce sai bayan Sallah, in ya ƙara samun baki, ya faɗa mini da harshensa.

Ana saura kwana huɗu Sallah, da rana tsaka, ciwon ya sake bugunsa. Oga Emeka ya sake kawo mota, amma ko gadar kogi ba mu kai ba.

Wanda duk yake da mai shanyewar jiki a ɗaki, na roƙe shi don Allah: a kai shi gashi da wuri, a sa wani ya karanta katin, in an yi tafinta a sake tambaya har sai an gane. Kuma a riƙa yi masa magana, a riƙa tauna abin da za a faɗa a gabansa, yana ji. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya sa jinyar ta zama kaffara.

A wurin zaman makoki mata sun yi ta ce mini, "Ai ya yafe miki, Maman Sadiya, irin wahalar da kika sha da shi." Na ce musu amin. Su ba su san yana da hanyar da zai gaya mini ba, kuma ni ce na zare hannuna.